Ƙanena Ya Iya Yarbanci, Ni Na Kasa: Baiwa Ce Ba Ni Da Ita?

TAMBAYA: Malam, ina sayar da yadi a Kasuwar Barci, shekarata 42. Ƙanena ya iya Yarbanci cikin shekara guda, ni ko gaisuwa sai na yi tuntuɓe. In haƙura ne? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Alhaji, kada ka haƙura. Baiwa gaskiya ce. A 1959 wasu masana biyu a Amurka, Carroll da Sapon, sun fitar da gwajin auna ta: kaifin kunne, gane tsarin jimla, saurin hadda da ciro ƙa'ida daga misalai. Sai dai sauri take ƙarawa. Yawan sa'o'in da mutum ya yi yana ji yana faɗa shi ke kai shi, kuma son sani ne ke zaunar da shi. Lura da ƙanen naka, za ka ga bakinsa ba ya rabuwa da tambaya.

Tuntuɓenka a karin sauti yake, wato hawa da saukar murya a kan kalma. Yarbanci na da uku: sama, tsakiya, ƙasa. Ọkọ miji ne, ọkọ́ fartanya, ọkọ̀ mota. Kunnen Bahaushe ya san wannan aikin, tunda ba ka rikita baba mahaifi da baba na rini. Na tsakiyan ne baƙonka. Shi ya sa haddar kalmomi daga takarda ke ɓata mutum: ya riƙe haruffa, ya yar da kari, aka kasa gane shi, kunya ta rufe masa baki.

Fara da tambayoyi biyu: "Kí ni èyí?" (mene ne wannan?) da "Èló ni?" (nawa ne?). Kullum ka karɓi jimla biyar daga bakin mai harshen, waɗanda suka shafi ciniki, ka naɗe muryarsa a waya. Bayan Asuba ka yi minti 20 kana bin sa da babbar murya. Maimaita su washegari, bayan kwana uku, sai bayan mako, domin mantuwa ta fi ɓarna a kwanakin farko.

Wata matsalar ta garinmu ce: Yarabawan Kaduna da yawa sun iya Hausa, da ka yi jinkiri sai su juya maka. Ka roƙi maƙwabcin rumfarka ya ba ka minti goma kullum ba Hausa, ko da za ka koma nuni da hannu.