Tambaya da Amsa: Me Ya Kashe Tashar Jirgin Ƙasa ta Crystal Palace High Level?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a kudancin Landan. A unguwar Crystal Palace na ga wata hanya ta ƙarƙashin titi da aka gina da bulo, aka ce mini ragowar wata tashar jirgin ƙasa ce da gobara ta yi sanadin rufewa. Haka zancen yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya ba, sai dai gobarar ta tarar da tashar tuni tana jinya.

Asalin abin shi ne katafaren ginin gilashi da ƙarfe mai suna Crystal Palace da Joseph Paxton ya tsara domin baje kolin duniya na 1851 a Hyde Park, wanda aka kwance aka sake kafawa a kan tudun Sydenham a 1854. A wannan shekarar aka buɗe tasha ta farko a gindin tudun, amma fasinja sai ya sha hawa kafin ya kai ƙofar ginin. Saboda haka wani kamfani ya shimfiɗa reshen dogo daga Nunhead, ya bi ta Honor Oak da Lordship Lane, ya buɗe tasharsa, wato Crystal Palace High Level, a saman tudun a 1865, titi ɗaya kawai tsakaninta da ginin.

A ganina, ciwon daga nan ya samo asali, domin an gina tashar ne saboda 'yan kallo, alhali dogon ya ratsa dazuzzuka da unguwannin da ba su cika da jama'a ba, ga kuma kishiya a gindin tudu tana ɗiban fasinja. Da kasuwar kallon ta ja baya, sai jirage suka riƙa tafiya kusan wayam. An rufe reshen daga 1917 zuwa 1919 saboda yaƙi, an sa masa lantarki a 1925 ko zai farfaɗo, sannan a daren 30 ga Nuwamba 1936 wuta ta cinye ginin gilashin ƙurmus. Bayan wata rufewar daga 1944 zuwa 1946, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta dakatar da reshen baki ɗaya a watan Satumba 1954. An rushe tashar a 1961, daga baya aka gina gidaje a filin, kuma har yau ina jin takaicin rasa ginin wannan tasha.

Abin da ka gani shi ne hanyar da masu tikitin daraja ta ɗaya suke bi su ƙetare titin. Idan ka samu ranar da aka buɗe ta ga jama'a, ka tsaya gindin ginshiƙi guda ka ɗaga kai: kowanne kusurwa takwas gare shi, yana bajewa sama kamar laima, an jera jan bulo da mai ruwan madara bi da bi. A nan ƙasa mutanen unguwar suka riƙa fakewa daga ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Ita kuwa tashar gindin tudu, har gobe tana aiki.