Zauren Tambayoyi: Gwada Sabar Gida a Cikin Kwamfutar Kwaikwayo

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan masu son kafa saba a gida, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, don ajiyar fayil ko kallon bidiyo a wayoyin iyali, amma suna son su fara gwadawa a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato wadda ake ƙirƙira da manhaja a cikin wata kwamfutar, kafin su kashe kuɗi. Don sauƙin bayani, kwamfutar da ke gabanka za mu kira ta mai masauki, wadda aka ƙirƙira a cikinta kuma baƙuwa.

Tambaya daga Zariya: Ina da laftof HP mai Core i5 da ram gigabait 8, da Windows a kai. Ina son gwada OpenMediaVault. Za ta ɗauka, ko sai na nemi wata na'ura?

Za ta ɗauka, Malam, har da rara. OpenMediaVault, tsarin ajiya da rabon fayil ta hanyar sadarwa, an gina ta ne a kan Debian, wani nau'in Linux, ba ta da cin ram. Kafin ka sauke komai, buɗe Task Manager, shiga Performance, danna CPU, ka duba layin da aka rubuta Virtualization. In ya ce Enabled, ka wuce. In ya ce Disabled, sai ka sake kunna na'urar ka shiga BIOS, a HP da F10, a Dell da F2, ka kunna Intel VT-x, saitin da ke ba furosesa damar gudanar da baƙuwa. Masu furosesar AMD za su same shi da sunan SVM Mode ko AMD-V. Muddin wannan a kashe yake, baƙuwar ba za ta tashi ba ko kaɗan, duk yadda ka juya saitin.

Daga nan ka sauke VirtualBox, manhajar da ake ƙirƙirar baƙuwa da ita, kyauta ce, da fayil ɗin ISO na OpenMediaVault, wato fayil ɗin girkawa. In intanet ɗinka mai yankewa ce, ka tabbatar fayil ɗin ya sauka lafiya da umarnin certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256, ka gwada lambar da ta fito da wadda ke shafin saukarwa. Fayil mai rauni kan bari a fara girkawa, sai an yi nisa ya tsaya cak.

Ka ƙirƙiri baƙuwa, nau'in Linux, Debian 64-bit, ka ba ta ram gigabait 2, ƙwaƙwalwar furosesa 2, da faifai gigabait 16. Kada ka ba ta fiye da rabin abin da mai masauki ke da shi. Windows kaɗai na cinye kusan rabin gigabait 8 ɗin nan, kuma in ta rasa ram za ta koma juye-juye a kan hadis, sai duka biyun su yi nauyi.

Abin da ke rikita sababbin shiga shi ne OpenMediaVault na mamaye faifan da aka girka ta a kai gaba ɗaya, ba ta yarda a ajiye fayilolin rabawa a wurin. Saboda haka bayan girkawa ka kashe baƙuwar, ka shiga Settings, Storage, ka ƙara faifai na biyu, ka kuma cire ISO ɗin daga mazaunin CD don kada ta sake komawa girkawa daga farko. Shafin gudanarwa ana shigarsa ta burauza da suna admin da kalmar sirri openmediavault. Ka canza ta nan take.

Tambaya daga Kano: Na girka Ubuntu Server da Jellyfin, manhajar kallon bidiyo daga saba, a VirtualBox. Baƙuwar na shiga intanet lafiya lau, amma wayata da talabijin ba sa ganinta. Adireshinta 10.0.2.15.

Wannan adireshin ya riga ya faɗi ciwon. Duk baƙuwar da aka bari a kan saitin NAT, wanda shi VirtualBox ke zaɓa da kanta, 10.0.2.15 take samu, ƙofar fitarta kuma 10.0.2.2. Wata ƙaramar hanyar sadarwa ce da ke cikin laftof ɗinka kaɗai. Baƙuwar na iya fita nema, amsa ta dawo mata, amma ba wanda zai iya fara ƙwanƙwasa mata daga waje. Wayarka kuwa tana kan hanyar rawutar gidan, mai adireshi irin 192.168.0.x ko 192.168.1.x, ba ta ma san da wata 10.0.2.15 ba.

Maganin kai tsaye shi ne ka kashe baƙuwar, ka shiga Settings, Network, ka mayar da Attached to zuwa Bridged Adapter, a ƙasansa ka zaɓi katin da laftof ɗin ke amfani da shi a zahiri. A nan mutane da yawa ke zamewa: suna kan Wi-Fi amma sai su zaɓi katin waya mai igiya wanda ba a jona komai a kansa ba. Idan ta tashi, rubuta ip a, za ka ga rawutar ta ba ta adireshi nata na kanta kamar kowace na'ura a gidan. Jellyfin na sauraro a ƙofa 8096, sai ka rubuta adireshin a burauzar waya ka biyo da :8096.

In ka yi haka baƙuwar ta ƙi samun adireshi, ko ta samu amma wayar ta kasa isa gare ta, to Wi-Fi ɗin ne. Tsarin Wi-Fi bai yarda kati ɗaya ya yi magana da lambobin MAC biyu ba, wato lambar shaidar katin sadarwa, sai VirtualBox ta riƙa yin dabara tana tura saƙon baƙuwar da lambar mai masauki. Wasu rawutoci na haƙuri da wannan, wasu ba sa yi, musamman ƙananan mifi na aljihu. Wasunsu kuma suna da saitin da ake kira AP Isolation, wanda ke hana na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗaya ganin juna. Ka duba shi ka kashe. In rawutar na da ƙofar igiya, jona laftof ɗin da igiyar intanet ka zaɓi wannan katin, yawanci magana ta ƙare.

In babu igiya, koma NAT ka yi tura-ƙofa. A shafin Network ɗin akwai Port Forwarding. Ka ƙara layi: Host Port 8096, Guest Port 8096. Ka ƙara wani na SSH, hanyar ba baƙuwar umarni daga wata na'ura: Host Port 2222, Guest Port 22. Yanzu wayar za ta nemi adireshin laftof ɗin kansa da :8096, kai kuma ka shiga baƙuwar da ssh -p 2222 suna@127.0.0.1. Sai dai ka ba VirtualBox izini a Windows Firewall. Wannan hanyar na da iyaka: manhajar Jellyfin ta talabijin ba za ta gano sabar da kanta ba sai ka rubuta adireshin da hannu, kuma rabon fayil na SMB ba zai yiwu cikin sauƙi ba, domin Windows ta riga ta riƙe ƙofa 445.

Gargaɗi ga masu gwada Pi-hole, manhajar toshe tallace-tallace, a kan Bridged: kada ku kunna DHCP ɗinta, wato mai rabon adireshi, alhali na rawuta na aiki, masu rabon adireshi biyu a gida ɗaya rikici ne. Kada kuma ku saita rawuta ta riƙa tambayar baƙuwar sunayen shafuka, domin da zarar an rufe laftof ɗin intanet ta ɗauke wa kowa a gidan. Ku canza DNS, wato wurin tambayar sunayen shafuka, a waya ɗaya tak ku gwada da ita.

Tambaya daga Maraɗi: Zan iya shiga sabar gwajin daga wajen gida?

In da layin waya kake samun intanet, buɗe ƙofa a rawuta ba zai yi ba. Kamfanonin waya kan haɗa dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya na waje, abin da ake kira CGNAT. Duba adireshin WAN a shafin rawutarka: in ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, kana ciki. Girka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya a intanet, a baƙuwar da kuma wayarka, ka shiga da asusu ɗaya. Ba ta buƙatar a buɗe ƙofa, tana aiki ko baƙuwar na kan NAT, kuma ta fi aminci a kan barin sabar gwaji a buɗe ga duniya.

Tambaya daga Sakkwato: Baƙuwata na tafiyar hawainiya, kuma ina ganin wani koren kunkuru a ƙasan taga.

Kunkurun na nufin Hyper-V, manhajar kwaikwayo ta Windows kanta, ta riga ta karɓe VT-x, VirtualBox na bi ta ƙarƙashinta. WSL2, Windows Sandbox da Memory Integrity duk suna tayar da ita ko ba ka kunna ta da hannunka ba. Ka kashe Memory Integrity a Core Isolation cikin Windows Security, ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, ka sake kunna na'urar. Ka sani WSL2 za ta daina aiki har sai ka mayar da off zuwa auto, kuma ka rage wani kaso na tsaron Windows. In babu kunkuru amma nauyin na nan, hadis mai juyawa ne, SSD ce maganinsa.

Tambaya daga Kaduna: An ɗauke wuta ina tsakiyar sabunta manhajoji, baƙuwar ta ƙi tashi. Na ji ana cewa Snapshot ya isa ajiya. Gaskiya ne?

Hajiya, rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya rage shi ke cin mutane. Idan kika ɗauki Snapshot, wato hoton yanayin baƙuwar da za a iya komawa gare shi, VirtualBox na daskarar da ainihin fayil ɗin faifan, duk wani sabon rubutu ya koma wani fayil na daban a jakar Snapshots. Shi ya sa komawa baya ke ɗaukar daƙiƙoƙi kaɗan. Da kin ɗauki ɗaya kafin sabuntawar, da Restore kawai za ki danna. A gwaji ka'idar ita ce: ɗaya bayan girkawa mai tsabta, ɗaya kafin kowane babban canji, kowanne da suna mai ma'ana, ba Snapshot 1, Snapshot 2 ba.

Amma waɗannan fayilolin sarƙa ce, kowane na dogare da na gabansa, kuma dukkansu a kan hadis ɗaya suke. In hadis ɗin ya mutu, sun tafi tare. In kika goge ɗaya da hannu daga cikin jakar don neman wuri, kin tsinke sarƙar, sai dai a goge shi daga cikin VirtualBox, ita za ta haɗe abin da ke ciki. Suna kuma kumbura ba a lura, kuma ranar da hadis ɗin mai masauki ya cika, baƙuwar za ta tsaya a inda take. Ajiya ta gaske ita ce File, Export Appliance, wadda ke fitar da fayil ɗin OVA guda ɗaya da za ki kwafe zuwa filash ko hadis na waje.

Game da wuta, laftof mai batir mai rai ya fi kwamfutar tebur dacewa da gwaji a inda NEPA ba ta sallama, domin ko an ɗauke kina da lokacin kashe baƙuwar da kyau. Ki hana Windows yin barci in an rufe murfi, ki duba Storage ki tabbatar babu alama a kan Use Host I/O Cache, domin in yana kunne baƙuwar kan ɗauka ta rubuta abu alhali yana rataye a ram ɗin mai masauki. Wajen kashewa ki zaɓi ACPI Shutdown. Power Off daidai yake da zare fulogi. Ita kuma wadda ta ƙi tashi, ki shiga Advanced options a allon GRUB, ki zaɓi recovery mode, ki gudanar da fsck sannan dpkg --configure -a. Sau da yawa tana farfaɗowa.

Tambaya daga Gusau: Ina son gwada RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, daga baya in koma TrueNAS, wani tsarin ajiyar fayil irin OpenMediaVault. Zan iya jona hadis ɗina na gaske ga baƙuwar?

Don koyo ba ka buƙatarsa, kuma nan ne kwamfutar kwaikwayo ta fi amfani. A OpenMediaVault 7 ka girka ƙarin openmediavault-md, ka ƙirƙiri faifai 3 na gigabait 5 kowanne, ka haɗa su RAID 5. Za ka samu kusan gigabait 10, domin ƙimar faifai ɗaya na tafiya wajen lissafin kariya. Ka zuba fayiloli, ka kashe baƙuwar, ka cire faifai ɗaya a Storage, ka kunna. Rubuta cat /proc/mdstat, za ka ga U biyu da gurbi ɗaya a maimakon U uku. Ka ƙara sabon faifai ka koyi yadda ake sake gina shi. Gara ka fara ganin wannan allon yau da fayilolin wasa, da ka fara ganinsa ranar da takardun gida ke ciki.

TrueNAS na neman ram gigabait 8 ita kaɗai, saboda haka mai masauki ya kai 16. Tsarinta na ajiye fayil a faifai, ZFS, an yi shi ne ya yi magana da hadis kai tsaye, faifan kwaikwayo kuwa ba ya nuna bayanan SMART, ba zafi, ba alamar tsufa, ba gargaɗin mutuwa. Masu ajiye bayanan gaske a TrueNAS ta cikin Proxmox, tsarin da ake girkawa kai tsaye a kan saba don gudanar da baƙi, suna miƙa mata katin hadis ɗin gaba ɗaya ta PCI passthrough, wanda ke buƙatar VT-d ko IOMMU. Ba aikin laftof ba ne.

Tambaya daga Yamai: Gwaji ya yi kyau. Yaya zan mayar da shi na'ura ta dindindin?

In sabuwar na'urar Proxmox za ta ɗauka, fitar da OVA, ka warware shi da tar, ka shigar da qm importovf. Da ta tashi za ka tarar babu intanet, domin sunan katin ya canza daga enp0s3 zuwa wani kamar ens18. A Ubuntu ka gyara fayil ɗin da ke /etc/netplan ka rubuta netplan apply, a OpenMediaVault kuma omv-firstaid na gyarawa. In ka yi kwafin baƙuwa biyu na Ubuntu suka riƙa samun adireshi ɗaya duk da lambobin MAC daban, fayil ɗin /etc/machine-id, mai ɗauke da lambar shaidar na'urar, shi ne iri ɗaya. Ka share abin da ke cikinsa da truncate -s 0 /etc/machine-id a ɗaya daga cikinsu, ka sake kunna ta.

In kuwa kai tsaye za ka girka a kan ƙarfe, shawararmu ka sake girkawa daga farko, ka bi matakan da ka rubuta lokacin gwaji, ka kwaso saitin manhajoji da fayiloli kawai. Baƙuwar gwaji na cike da ragowar abubuwan da ka girka ka cire da kalmomin sirri na wasa. Ita kuma ka bar ta a laftof ɗin, duk sabuntawar da ta fito ka fara gwada ta a can kafin ka taɓa ta dindindin.