Tsakanin kwantiragin Ohtani da na Soto, 'yan wasan baseball a Amurka, wanne ya fi tsoka?

Malam, ka ce tunda Soto ya samu dala miliyan 765 a ƙungiyar Mets, Ohtani kuma miliyan 700 a ƙungiyar Dodgers, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A nan yawancin masu gardama suke zamewa: jimilla kawai suke kallo.

Na Ohtani, da aka ƙulla a Disambar 2023, shekara 10 ne, amma miliyan 2 kacal yake karɓa duk shekara. Ragowar 680 sai daga 2034 zuwa 2043, kuma babu kuɗin ruwa. Dalar da za ka karɓa nan da shekara goma ba ta kai ta yau daraja ba, shi ya sa a lissafin harajin da MLB, babbar gasar baseball ta Amurka, ke ɗora wa ƙungiyoyi masu yawan albashi, ake ɗaukarsa kusan miliyan 46 a shekara. Na Soto shekara 15 ne, ba a jinkirta ko sisi ba, miliyan 51 ke nan a shekara.

A kuɗi, Soto ne gaba. A ganina dai Dodgers ce ta ci riba, domin Ohtani shi kaɗai yana mata aikin mutum biyu: jifan ƙwallo da kuma bugunta da sanda.

In lissafin ragin daraja kake so daki-daki, nemi akawu, kada ka dogara da kanun labarai.