Ina da bashin kati, ga shi bankin gida na shirin sakin kuɗi: in biya ko in bari?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna haya a Nima, Akkara. Banki ya ba ni takardar amincewa kan bashin sayen gida a wajen Amasaman, saura sati shida a sa hannu. Amma ana bina sidi 18,000 a katin bashi, kuma kuɗin da ke hannuna na kafin alƙalami ne. Wani dillali ya ce in ci rancen waya in share katin, shi kuma zai sa a goge sunana daga hukumar tarihin bashi idan na ba shi wani abu. Barci ya gagare ni, ina tsoron gidan ya kuɓuce.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankali, sati shida ya isa a gyara wannan idan ba ki bi ta dillalin nan ba.

Ki fara ɗauko takardar amincewar ki karanta sharuɗɗanta. Idan an rubuta sai kin biya katin kafin a saki kuɗi, babu zaɓi. Idan ba a rubuta ba, kuma kin bayyana katin tun ranar cike fom, to banki ya riga ya sa shi a lissafinsa. Abin da suke dubawa shi ne nawa basussuka ke ci daga albashinki kowane wata, galibi ba sa son ya wuce kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A ce albashinki bayan haraji sidi 9,000 ne, iyakarsu kashi 40, wato 3,600. Idan gida zai ci 3,200, kati kuma 900, kin kai 4,100, kin tsallake layi. A irin wannan hali katin ne ke tare miki hanya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don kusan kullum sai na gamu da shi a ofis. Mutanenmu sun ɗauka da zarar takardar amincewa ta fito, banki ya rufe ido, kuma bashin da aka biya da wani bashi ya ɓace. Ba haka ba ne. Takardar amincewa alkawari ne mai sharaɗi, banki na da damar sake duba ki har ranar da zai saki kuɗin, kuma yana iya janyewa idan halinki ya canza. Tun da aka yi dokar rahoton bashi ta 2007 a Gana, masu ba da rance da ke da lasisi suna aika bayanan masu cin bashi zuwa hukumomi irin XDS Data da Dun & Bradstreet, waɗanda Babban Bankin Gana ya ba izini. Rancen da ake ci ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, daga kamfani mai lasisi ma yana shiga ciki. Kuma tun Yulin 2022 da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ake hulɗa da banki, lamba ɗaya ce ke bin ki ko'ina. To ina za ki ɓoye?

Ki duba abin da jami'in banki zai gani. Jiya kina da tsohon bashi da ya sani, kina biya a kan lokaci. Yau katin ya koma sifiri, sai ga sabon rance da ba ki faɗa ba, ana dab da sa hannu. Sidi 18,000 da za a biya cikin wata shida ya kai 3,000 a wata tun kafin a ɗora ruwa, inda da 900 kike biya. Kin ƙara wa kanki nauyi, kin kuma zubar da amana, ita ce kuwa jarin mai neman bashin shekara goma sha biyar ko ashirin. Ko da kin ci daga inda ba ya kai rahoto, kuɗin zai bi ta asusunki, za a tambaye ki daga ina. Na ga mutane sun biya lauya, sun biya mai kimanta gida, sun biya binciken takardu a Hukumar Filaye, sannan bashin ya tsaya a kan rance ɗaya na waya da wani ya ba su shawara.

Manhajojin rance marasa lasisi kuwa, waɗanda Babban Banki ya fitar da sunayensu a 2023 yana gargaɗi, kar ki ma sauke su. Suna kwashe lambobin wayarki, ki yi jinkirin kwana biyu su aika wa surukarki da shugabar aikinki saƙon cin mutunci.

Shi kuma mai cewa zai goge suna, ɗan goro ne kawai, irin waɗanda ke tsayawa bakin ofisoshi. Babu wanda zai goge bashin gaskiya. Abin da doka ta ba ki shi ne ki karɓi rahotonki kyauta sau ɗaya a shekara, idan akwai kuskure ki rubuta ƙorafi a gyara, ba sai da ɗan tsakiya ba. Haushina shi ne a zangonninmu mutum zai yarda da wanda ya haɗu da shi a wajen suna, amma ya ji nauyin shiga wurin jami'in da fayil ɗinsa ke hannunsa.

Kar ki taɓa kafin alƙalami. Idan ya gaza a ranar biya, cinikin ya tsaya, ga harajin hatimi da inshora da kuɗin lauya suna jira. Don biyan katin, ki nemi kuɗi mai tsabta: kwasar adashinki idan ta kusa, sayar da wata kadara, ko taimakon maigida ko ɗan'uwa, da wasiƙa mai nuna kyauta ce. Ki kuma tambayi masu kula da fanshonki, domin dokar fansho ta 2008 ta yarda a jingina kuɗin mataki na biyu, wato kason fanshonki da kamfanoni masu zaman kansu ke kula da shi, don gidan da mutum zai zauna a ciki. Idan bankinki yana karɓar wannan, zai iya sassauta miki wajen kafin alƙalami, amma da saninsu.

Ranar da za ki biya katin, ki nemi cikakken adadin rufe bashin na wannan rana, don ruwa yana taruwa bayan lissafin wata, sai a bar ki da ragowar da ba ki sani ba. Ki karɓi wasiƙar shaidar kin gama, ki kai wa bankin gida da hannunki, saboda bayanan hukumar tarihin bashi wata-wata ake sabunta su, kuma sati shida na iya ƙarewa ba su nuna ba. Daga yau har a miƙa miki makulli, kar ki sayi firiji ko kujeru da katin, kar ki tsaya wa kowa a rance. Gobe da safe ki kira jami'inki ki faɗa masa adadin da ake binki. Allah Ya sa ki shiga gidan lafiya.