Me ya sa kowace gwamnati sai ta taɓa makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, ƙasar Ghana. Babban ɗana shekara huɗu ya yi a babbar sakandare, ƙanensa uku, amma tare suka zana jarrabawar fita. Yanzu jikokina sun fara karatu, hankalina bai kwanta ba. Shin duk ranar da mulki ya sauya hannu sai karatun yara ya sauya?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Alhaji. 'Ya'yanka suna cikin rukunin 2013. Gwamnatin Kufuor ce ta mai da babbar sakandare shekara huɗu a 2007. Da Atta Mills ya hau a 2009 sai aka dawo da ita uku, shi ya sa aji biyu suka haɗu a jarrabawar fita ta WASSCE a 2013. A ganina yara aka wahalar a banza, don matsalar a lokacin ta ƙarancin ɗakunan karatu ce da littattafai da malamai, kuma ƙara shekara ko rage ta bai samar da ko ɗaya ba.

Abin ya daɗe. Nkrumah ya kawo dokar ilimi ta 1961 wadda ta sa firamare ta zama kyauta kuma dole. A zamanin Acheampong kwamitin Dzobo ya ba da shawarar kafa ƙaramar sakandare, amma ba a aiwatar da ita a faɗin ƙasa ba sai 1987, ƙarƙashin Rawlings, da tallafin Bankin Duniya. Kafin nan yaro kan iya shafe shekara 17 kafin ya kai jami'a, sai aka rage zuwa 12. Sabuwar gwamnati takan garzaya makaranta ne saboda kusan kowane gida yana da ɗalibi, nan mutane suka fi saurin ganin aikinta.

Sai dai ka lura da abin da ke zama da abin da ke tafiya. Sauyin suna da yawan shekaru, wanda ya zo bayanka yana iya gogewa da alƙalami. Wanda ya shiga tsarin mulki ko ya sauke wa iyaye nauyi, taɓa shi da wuya. Tsarin mulkin 1992 ya tanadi ilimin matakin farko kyauta ga kowane yaro. Ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2005 tana nan. Sakandare kyauta da Akufo-Addo ya fara a Satumban 2017 ta cika makarantu har aka koma karatun karɓa-karɓa a 2018, ana ta suka, amma da gwamnati ta sauya a 2025 ba a soke ta ba.

Mu mutanen zango, sauyin da ya fi taɓa mu daga ƙasa ya taso. Kakanninmu sun guji boko don ganin yawancin makarantun a hannun mishan suke, suna tsoron a raba yaro da addininsa. Da iyaye suka ga aikin gwamnati ba ya samuwa sai da takardar shaida, malamanmu suka fara haɗa Larabci da Turanci a makaranta ɗaya. A 1987 aka buɗe sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, gwamnati ta shiga turo malaman boko tana biyansu. Gwamnatoci sun zo sun wuce, tsarin bai gushe ba, domin al'umma ce ta nema.

Akwai inda har yau ba mu matsa ba. Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati. Jikanka da ya tashi da Hausa a baki, harshen Twi zai koya a aji, yaron unguwar Nima a Accra kuma harshen Ga. Koyon harshen maƙwabci alheri ne, amma yaron da aka fara koya wa karatu da harshen da yake ji ya fi saurin kamawa. Wannan magana ce da ya kamata limamai da sarakunan zango su kai gaban ma'aikatar ilimi da murya ɗaya.

Kai kuma, Alhaji, kada taron iyaye da malamai ya wuce ka. Idan jikanka ya kai aji uku, ba shi littafi ya karanta maka da ƙarfi, ka tambaye shi me ya fahimta. In ya kasa, je ka ga malaminsa a wannan makon, kada ka jira ƙarshen zangon karatu.