Ga ɗan'uwan da barci ya ƙaurace wa bayan wasa ta baki

Salam ɗan'uwa. Ka ce kwana 12 da suka wuce kun yi wasa ta baki da wata da ba ka san matsayin lafiyarta ba, ta yi maka, kai ma ka yi mata, ba ku kai ga saduwa ta gaba ba. Tun washegari maƙogwaro ke maka ƙaiƙayi, harshenka ya yi fari, ga rashin barci, kana tambaya ko ka ɗauki ƙanjamau. Na daɗe ina aikin ba da shawara a wurin gwajin HIV, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mana irin wannan tambayar ba.

Haɗarin ɗaukar HIV ta baki ƙanƙane ne ƙwarai, kuma ba don in lallashe ka na faɗa ba. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta yi ƙiyasin cewa a cikin saduwa 10,000 da mai ɗauke da ƙwayar, babu kwaroron roba babu magani, wanda aka shiga ta dubura zai iya kamuwa sau 138, mace ta farji sau 8, namiji ta farjin mace sau 4. Da suka zo kan baki ba su sa lamba ba, cewa kawai suka yi haɗarin kaɗan ne. Akwai kuma binciken da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifen, aka wallafa a 2002. An bi diddigin mutum 135 marasa cutar waɗanda abokan zamansu ke ɗauke da ita, an lissafa wasa ta baki sama da 19,000 babu kariya, ko mutum ɗaya bai kamu ba.

Dalilin kuwa, ƙwayar tana tafiya ne a jini, maniyyi, ruwan farji, ruwan dubura da nonon uwa. Yawu ba ya yaɗa ta, hasali ma akwai sinadarai a cikinsa da ke raunana ta. Don haka ɓangaren da ita ta yi maka, cire shi daga lissafi, yawu ne kawai ya taɓa ka. Ɗan abin da ya rage yana wajen wanda ya sa bakinsa, shi ma sai an samu gyambo a baki, ko dasashi mai zubar da jini, ko an cire haƙori kwanan nan, ko jinin haila, ko an zuba maniyyi a baki. Sannan sai ita ɗin tana ɗauke da ƙwayar tukuna, kuma ba ta shan magani, domin wanda ke shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i.

Batun alamomi shi ne inda nake so ka saurare ni da kyau. Idan ma alamomin farkon kamuwa za su fito, sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma galibi zazzaɓi ne da ƙuraje da kumburin kaluluwa, ba ƙaiƙayin maƙogwaro washegari ba. Wasu ma ba sa ganin komai. Ke nan alama ba ta tabbatar da cutar, rashinta ma ba ya wanke mutum. Amma fargaba tana da nata alamomin, kuma na san su ciki da bai. Mutum zai shigo, kafin ya zauna ya kunna fitilar waya, ya zaro harshe ya ce in duba. Baki ya bushe saboda tsoro, ba ya cin abinci, dole harshe ya yi fari. Wani kuma ya yini yana lallatsa gefen wuyansa yana neman kumburi, har wurin ya yi tsami, sai ya ce ga ciwon ya fara. Da dare ya farka cikin gumi zuciya na dukan uku-uku, ya ɗauki waya ya shiga intanet, intanet kuwa duk abin da ka rubuta mata sai ta nuna maka HIV a ciki.

Maganin kariya na gaggawa, wato PEP, ana fara shi ne cikin awa 72, a sha kwana 28. Lokacinsa ya wuce maka, kuma kar ka ji haushi, likitoci ba su cika ba da shi don wasa ta baki kaɗai ba.

Gwaji ne zai raba gardama, amma kowanne da lokacinsa. Wanda ake ɗibar jini daga jijiya a kai ɗakin bincike, mai neman ƙwayar da martanin jiki tare, yana gano cutar tsakanin kwana 18 zuwa 45. Na tsiran yatsa da na gogar dasashi suna iya kaiwa kwana 90. Ka tambayi mai gwajin wane iri ne zai yi maka. A ganina ka yi na jijiya a kwana 45, ko na yatsa a kwana 90, ka riƙe sakamakon.

Abin da ya fi damuna da masu irin tambayarka shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Ciwon sanyi, tunjere da ƙurajen herpes sun fi HIV saurin bin baki nesa ba kusa ba. Ciwon sanyi yakan zauna a maƙogwaro shiru babu wata alama, kuma gwajin fitsari ba ya gano na maƙogwaro, sai an goga auduga a wurin. Ka faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, ya ji wanda ya fi naka. Kada ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ka sha da ka. Idan kana da iyali, ka yi amfani da kwaroron roba ko ka ɗan dakata har sakamakon waɗannan ya fito.

Akwai waɗanda gwaji ya wanke su tas bayan wata uku, amma su dawo su ce wataƙila na'urar ce ta yi kuskure, su koma wani asibitin, su sake dawowa. Da ka zauna da su sai ka tarar ba ƙwayar cuta ce ke cin su ba, nadamar abin da ya faru ce, da tsoron kada asiri ya tonu, musamman masu aure. Wannan ba jini ne zai warware ta ba. Idan takarda ta ce ba ka da komai amma har yanzu kana tashi tsakar dare kana duba harshe, ka nemi mai ba da shawara ko likitan ƙwaƙwalwa, waswasi irin wannan ana maganinsa kuma yana warkewa. Daga yanzu zuwa ranar gwaji, ka daina binciken alamomi a waya, ka bar wuyan nan ya huta. Allah ya ba da lafiya.