Tambaya da Amsa: Da gaske ana yin leda daga sukarin rake?

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Takin bola da muke sayowa daga birni cike yake da leda, kuma bara da akuyata ta rame muka yanka ta, sai mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta. Na ji a rediyo wai ana yin leda daga rake, wadda take ruɓewa da kanta. Gaskiya ne?

AMSA: Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Maganar gaskiya ce, sai dai ledar iri biyu ce, kuma bambancinsu ya shafi gonarka.

Iri na farko, wanda ake kira PLA, tushensa aikin da matan Fulani suka daɗe da sani ne. Dangin ƙwayoyin bakteriyar da ke sa madara ta kwana ta zama kindirmo su ake zuba wa sukarin da aka samo daga masara ko rake a cikin manyan tankuna, su cinye shi su fitar da sinadarin tsami, sannan masana'anta ta tace wannan tsamin ta harhaɗa shi ya zama roba. Akwai babbar masana'antarsa a garin Blair da ke jihar Nebraska ta Amurka, inda ake amfani da masara, da wata a Tailan mai amfani da rake. Matsalarsa ita ce ba ya ruɓewa da wuri sai an tara shi a wurin haɗa taki mai laima da zafin da ya kai kimanin digiri 58 a ma'aunin Selshiyas, saboda haka idan iska ta kai shi kan kunyar gero, zai iya shafe shekaru yana nan.

Iri na biyu, PHA, ya fi ba ni sha'awa, domin ƙwayar bakteriyar da kanta ke ƙera robar a cikinta. Idan aka wadata ta da sukari amma aka rage mata naitirojin, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya, sai ta daina hayayyafa ta koma tara abinci, kamar yadda rago ke tara kitse kafin Babbar Sallah, har robar ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinta. Daga nan a fasa ƙwayoyin a kwashe. Wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano wannan tun 1926, kuma kamfanin ICI na Ingila ya sayar da ita da sunan Biopol daga shekarun 1980. Wannan kam ƙwayoyin da ke cikin ƙasa suna cinye ta.

Abin da ya hana ta zuwa kasuwar Ringim kuɗi ne, domin ledar man fetur ta fi ta araha nesa ba kusa ba, ga shi sukarin da za a ciyar da ƙwayoyin abincin mutane ne. Don haka a bana, kafin ka watsa takin, a tsince ledar da ke ciki, a kuma ɗaure awaki nesa da tulin.